Wanda Ya Ɓata Ruwan Farin Gawo

Da hantsi aka fara jin kuka a gidan Garba sarkin rijiya. Kafin rana ta take, gidaje da dama a Farin Gawo sun kama: amai, rawar jiki, kumfa a baki, wasu har suna sanƙarewa kamar masu farfaɗiya. Manya sun sha wuya sun tashi. Jikan Garba, yaron da ba a daɗe da yaye shi ba, bai tashi ba. Aka binne shi bayan la'asar. Daga maƙabarta maza ba su koma gida ba, suka zarce rugar Yero, suka zo da shi a ɗaure.

Farin Gawo ƙauye ne tsakanin Kore Mairuwa da Dumega. Rijiyarsa ɗaya ce, ta siminti, wadda sabuwar gwamnati ta gina 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Kafin ita, kowace bazara zawo sai ya kwashi yara. Saboda haka da aka samu rijiyar, gari ya zauna ya kafa mata doka. Ba wanki kusa da ita, ba takalmi a bakinta, dabbobi sai a kwamin shayarwa. Ba mai zuwa da gugan gidansa: gari ya ɗinka wasakai na fata, ana rataye su a jikin gwafanni cikin wata rumfa, kowa da su zai ja. Fulanin ruga kuwa an yarda su shayar bayan mata sun gama, amma da nasu gugan, kada hannunsu ya taɓa na gari. Garba ne ya tsara dokar, shi ke tsaronta, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Hujjar da aka kama Yero da ita ba ta da tsawo. Shi ne na ƙarshe a rijiya jiya da yamma. Sun taɓa sa-in-sa da Garba a kan layi. Yau kuma, gari na cikin kuka, ya zo ya tarar ba kowa, ya shayar da shanunsa ya tafi, ba saniyar da ta yi ko tari. Aka ce wanda ya zuba guba ai ya san makarinta.

Umaru mai gari ya sa aka rufe rijiyar da ƙaya, aka hana shanun ruga kusantarta. Ya tura mai doki Dogon Dutsi ya gaya wa jandarma an kama mai zuba guba. Lokaci ne da mai gari ke son a ji sunansa a bakin hukuma da kama wani. Sai kuma ya tuna jandarma kan nemi shaida, ya aika a kira Jatau.

* * *

Jatau tsoho ne mai bin sawu, ya yi wa sarakuna aikin gano ɓarayin raƙuma tun zamanin Nasara. Ya iso washegari bisa jaki, ya sauka nesa da rijiya, ya tsaya yana kallon filin da ɗaukacin gari ya tattake.

"Ranka shi daɗe, kun yi biki a nan ne?"

Umaru ya ce mutane ne hankalinsu ya tashi. Ya ƙara da cewa aikin ba shi da wuya, tunda mai laifin na hannu, abin da ake so kawai a nuna inda ya bi.

"In kun riga kun san shi, da ba ku wahal da jakina ba," in ji Jatau.

Ya bar tsakiyar filin, ya kewaya ta bayan gonaki inda ƙasa ba ta ɓaci ba. Ya samu hanyar shanun ruga, ya bi ta zuwa da komowa. Sawun Yero na nan a bayan shanu, zuwan jiya, zuwan shekaranjiya da yamma, duka a tsakiyar garke, da sawun 'ya'yansa a gefe. Ba inda ya ware shi kaɗai ya dawo.

Daga nan ya shiga zauren mai gari, inda Yero ke zaune jikin ginshiƙi, igiya ta ci masa wuyan hannu. Yero bai roƙi a kwance shi ba. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an bar shanun sun sha. Jatau ya ce ba a bari ba. Yero ya ce akwai masu shayarwa a cikinsu. Game da faɗansa da Garba, ya ce gaskiya ne sun yi: Garba ya ce gugansa na warin nono, shi kuma ya ce nonon nan dai matan gari ke saye.

"Kai ka sha ruwan jiya?"

"Na sha, Baba. Ɗiyana sun sha. Wa zai zuba guba inda ɗiyansa ke sha?"

Wani daga bakin ƙofa ya ce Bafulatani ba abin da ba ya iyawa. Jatau bai waiwaya ba.

* * *

Mushe Félix, ma'aikacin likita, yana yawon lambar rigakafi a Dumega labari ya same shi, ya taka keke ya zo. Ya duba marasa lafiya gida gida. Ya ce wannan ba zawo ba ne. Ya taɓa ganin irinsa a wani gari inda yara suka yi wasa da garin maganin fara, wanda ma'aikatan noma ke rabawa a buhuna.

Akwai buhunan a magazar mai gari, ɗakin ajiyar kayan hukuma. Nan take aka ce Yero ya yi sata. Jatau ya je ya duba: ƙofa lafiya, bango lafiya, buhu biyu a buɗe, an kwashe fiye da rabi. Ya tambayi wa ke ɗiba. Umaru ya yi ta kame-kame, daga baya dai ya amsa cewa kowa. Wannan ya barbaɗa a rumbu saboda gara, wancan ya zuba a akurki, mata har a kan yara suke shafawa saboda kwarkwata. Fara ba ta zo ba shekara biyu, kaya na ajiye, ga amfani. A duk yankin mutum ɗaya ne ba a taɓa ba shi ko cikin cokali ba, shi ne wanda ke ɗaure a zaure.

Félix ya riƙe kai, ya ce an faɗa musu da baki wannan abu kisa yake. Umaru ya ce an faɗa, amma fara aka ce yana kashewa.

* * *

A bayan rijiya, wajen kwami, Jatau ya ga wani sawu da bai kamata ya kasance a wurin ba: mutum mai jan ƙafar dama, ya zo ta cikin ƙaiƙayi, ya tsuguna, ya koma da nauyi a kai. Ya bi shi har gidan Gambo majemi. An daɗe da korar Gambo daga rijiya saboda ya taɓa wanke fata kusa da ita, kuma Garba ya yi masa tonon silili a gaban mata.

Gambo yana kankare fatar akuya ya ga mai zuwa. Ya ce da ya san Jatau na tafe da ya yi turare.

"Bari turaren, ai da hanci na zo, ban ko duba ƙasa ba. Mi ka je yi rijiya?"

Gambo ya rantse bai je ba. Jatau ya nuna masa ƙafarsa. Gambo ya ce to, ya je, amma ba rijiya ba, kwami. Ragowar ruwan shanu yake kwasa ya jiƙa bagaruwa, tunda an hana shi na mutane. Ya ce in ana neman mai jin haushin Garba, a rubuta sunansa a farko, amma yaron nan da ya mutu shi ya jeme fatar ragon sunansa. Ya buɗe tulunan jima, Jatau ya shinshina ɗaya bayan ɗaya, ba komai sai bagaruwa da toka.

Yana fita Gambo ya bi shi da magana, cewa ko sababbin wasakai da gari ya ɗinka ba shi aka ba ba, can Tibiri aka kai aikin, wai hannunsa ba shi da tsabta.

* * *

Ajuma ita ce ke tsara layin mata a rijiya, kuma 'yar bori ce. Ra'ayinta daban. Ta ce tun ranar da aka zuba siminti ba a ba doguwa, aljanar wurin, ko farar kaza ba, ta faɗa an yi mata dariya. Jatau ya saurare ta har ta gama, bai musa ba. Sannan ya ce ta lissafa masa waɗanda suka kwanta.

Ta lissafa. Duka masu sammako ne. Waɗanda suka zo a makare ba abin da ya same su, shi ya sa ake cewa gubar a saman ruwa take, na farko suka kwashe ta. Wadda ta fara ja ita ce Lantana, matar Abdu ɗan Garba, uwar yaron.

Jatau ya sami Lantana a tsakar gida, zaune kan turmi a kife. Ɗan fari ne, don haka ba ta kuka a gaban mutane, ba ta kuma faɗin sunansa. Ta ce yaron ya tashi da ƙishi, tana sauke tulu ta ɗebo masa a moɗa. Ita ba ta sha ba sai daga baya, kaɗan. Ya tambaye ta ko ruwan na da wani wari. Ta ce yana da warin sabuwar fata, da wani abu kuma. Ya ce wane abu. Ta dubi ƙofar ɗakin surukinta, ta ce ba ta sani ba.

Garba ya fito a lokacin, dogon tsoho, sanda a hannun hagu. Idanunsa sun faɗa. Ya ce bai ga abin da ake ta tambaya ba, ga wanda ya kashe masa jika can a ɗaure. Shekara nawa yana tsaron ruwan nan kamar idonsa. Jatau ya yi masa gaisuwa ya fita.

* * *

Rana ta yi sanyi ya koma rijiya shi kaɗai. Mata duka sun tafi fadama mai nisa neman ruwa. Ya shiga rumfar wasakai don ya huta, ya zauna a ƙasa.

Duk wanda ya san bazara ya san ƙudan zuma na bin danshi. Inda wasaki ke ɗiga a kan yashi, nan suke taruwa. Tsofaffin wasakai na rataye a gwafanninsu, a ƙarƙashinsu ƙudan na ta tonon ɗan danshin da ya rage. Gwafanni biyu na ƙarshe ba komai a jikinsu. A gindinsu ƙudan zuma ne a zube, matattu, sun yi da'ira daidai faɗin inda ruwa ya ɗiga. Tururuwar da ta zo ɗaukarsu ita ma tana kwance a gefe.

Jatau ya daɗe a tsugune. Ya leƙa bakin rijiya ta tsakanin ƙaya, ya duba kwami: ƙudan na shawagi lafiya lau. Ya dawo bayan rumfa, inda taron jiya bai taka ba. Akwai sawun mutum ɗaya, ya fita da sauri ya nufi tsohon ramin ƙasa da ke bayan gari. A gefen hagu na sawun, kan sanda ya bi yana huda yashi.

* * *

Da safe, ranar da ake jiran jandarma, Jatau ya ce a tara mutane a rijiya. Aka kawo Yero da igiyarsa. Gambo ya tsaya nesa kamar yadda ya saba. Ajuma da mata suka yi gefe guda, Lantana a bayansu. Umaru ya zauna a kujera, Garba a damansa, Félix na riƙe da kekensa. Daga wajen ruga ana jin kukan shanu, irin wanda ba ya fita da ƙarfi.

Jatau ya sa aka janye ƙaya. Ya ɗauki gugan Yero, ya zura, ya jawo, ya kafa kai ya sha har ruwa na bin gemunsa. Mata suka ja da baya. Ya goge baki ya zauna, ya ce a jira a gani. Aka jira. Ya ciro goro ya ɓare.

Da ya ga sun gaji da kallonsa, ya ce rijiya lafiyarta lau, ba wanda ya zuba mata komai. Ya kai dattawa cikin rumfa ya nuna musu gindin gwafannin nan biyu. Ya tambayi Ajuma me ke rataye a wurin. Ta ce sababbin wasakai ne, ranar aka fara sa su, masu sammako suka yi ta rububinsu. Ya tambayi Garba ina suke. Garba ya ce ya kai su gida ya ajiye, tunda an rufe rijiya, kada su lalace.

"Ka bar tsofaffi ga ɓarayi ke nan."

Jatau ya kwance buhun da ke kan jakinsa ya zazzage. Wasakai biyu suka faɗo, duk jar ƙasar rami a jikinsu. Ya ɗauki ɗaya, ya juye sauran ruwan guga a ciki, ya jujjuya, ya miƙa.

"Sarkin rijiya, ni na sha na Bafulatani. Kai sha na gari."

Garba bai miƙa hannu ba. Félix ya karɓa, ya buɗe ɗinkin bakin da yatsa, ya nuna farin gari da ya daskare a cikin lungun fata.

Da Garba ya yi magana, muryarsa ba ta kai bayan taro ba. Ya ce ƙwari ne ke cin fata. Wasakan bara tun kafin a sa su ƙwari suka huda su a rataye. Waɗannan da aka kawo, ya ce ba zai bari ba. Ya dama garin maganin fara ya shafe su ciki da waje, ya ajiye. Ya ɗauraye su kafin ya rataya, a zatonsa maganin ya fita.

"Wannan kuskure ne, Allah na gani," in ji Jatau. "Ramin da ka tona fa? Ran nan da rana ka gane. Kana tsaye aka ɗaure mutumin ga."

Abdu ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

* * *

Umaru ne ya fara dawowa cikin hankalinsa. Ya ce ƙaddara ce, kuma Garba ya riga ya biya da abin da ya fi komai tsada. Dattijo ne, shi ya tsare wa gari ruwa. Maganar nan ta tsaya a nan. Dattawa suka gyaɗa kai. Jatau ya ce to a kwance Yero. Umaru ya ce za a kwance, amma shi ya riga ya aika cewa an kama mutum, ba zai yiwu hukuma ta taso mota ta koma ba kowa ba. Su tafi da shi su yi masa tambayoyi, in ba shi da laifi ai za su sako shi. Kowa a wurin ya san yadda ake tambayoyi a lokacin, ya kuma san waɗanda ake kaiwa da sunan zuba guba ba su cika dawowa da ƙafarsu ba.

Ana cikin haka motar ta iso. Birgadiye ya sauko da jandarma biyu, ya tambayi ina mutumin. Umaru ya nuna Yero.

Jatau ya shiga gaba ya faɗi abin da ya gani, daga ƙudan zuma har rami. Umaru ya yi murmushi ya ce tsoho ne, shekaru sun yi yawa, kuma ba ɗan garin ba ne. Félix ya ce shi zai iya shaida cewa garin fara ne a jikin fata, amma bai ga hannun da ya shafa ba. Birgadiye ya dubi Garba. Garba na kallon kan sandarsa. Birgadiye ya juya ga taro ya ce shi ba shi da lokaci, in akwai ɗan gari da ya san wani abu ya faɗa, in babu su wuce.

Mutanen da suka ji da kunnensu ɗazu duka suna wurin. Wani ya gyara hula, wani ya dubi sama kamar mai neman hadari. Gambo ya buɗe baki, ya tuna wanene shi a garin, ya rufe. Jandarma ɗaya ya kama igiyar ya ja, Yero ya miƙe.

"Garba ne."

Muryar mace ce. A ƙasarmu matar ɗa ba ta kama sunan surukinta, ko a ɗaka, ko a mafarki. In wani mai irin sunan ya zo wucewa, sai ta ce mai sunan baba. Lantana ta ratso mata ta fito fili, ba lulluɓi a fuskarta.

"Garba ne ya shafa. Ni na miƙa mishi ƙwaryar da ya dama garin. Na ji warin a ruwa, na ce ai baba ya wanke." Ta juya ga jandarma. "Ku kwance bawan Allah, shanunsa na mutuwa."

Aka kwance Yero. Bai dubi kowa ba, bai yi godiya ba, ya ɗauki gugansa ya nufi ruga da gudu-gudu. Garba ya hau mota da kansa.

Bai daɗe a can ba. Hukuma ta ce kuskure ne, tun kafin a yanke gero ya dawo, aka tarye shi a bakin gari, aka yi masa barka. Yero ya shayar da abin da ya rage na garkensa, ya fede waɗanda suka faɗi, damina na sauka ya tashi da rugarsa. Jatau ba a sake kiransa aiki a wannan yanki ba.

Lantana kuwa ko sadakar bakwai ba a bari ta gani a gidan ba. Abdu bai iya haɗa ido da ita ba, uwarsa ta ɗaure mata kayanta, aka raka ta Tibiri gidan iyayenta. Matan da suka kwanta da ciwon nan, waɗanda da bakinsu suka ce Allah ya tona asirin mai hannu a ciki, ba wadda ta fito sallama.

Har yau in tsofaffin Farin Gawo na lissafin shekaru, ba sa cewa shekarar da yaron ya mutu, ba sa cewa shekarar da aka ɗaure Yero. Cewa suke shekarar da Lantana ta yi rashin kunya.